Kalangu ba gishirin miya ba ne: amsa ga mai son yin albam da makaɗan haya

Tambayar daga wani matashi ta fito a Daura. Ya ce yana da waƙoƙi takwas da ya tsara da kansa, ya tara 'yan kuɗinsa, yana so ya fitar da albam ba tare da ya shiga inuwar wani kamfani ko ubangida ba. Kiɗan fiyano zalla ya gundure shi. Kalangu yake so na gaske, da gurmi, da sarewa, da 'yan amshi, sannan a ɗan sa jita da fiyano. Makaɗan ba yaransa ba ne, ɗauko su zai yi ya sallame su. Ta ina zai fara, yaya ake tsara kiɗan, yaya ake ɗauka, kuma me zai kiyaye kada kuɗinsa su bi ruwa?

Ƙanena, sannu da himma. Na daɗe ina zaman situdiyo a nan Katsina, kuma irin aikin da kake nufi na yi shi ya yi kyau, na kuma yi shi ya lalace a hannuna. Daga lalacewar na fi koyo, don haka da ita zan fara.

Ka san yadda muka saba. Mawaƙi ya shigo ya rera, mai fiyano ya laluba masa kiɗa a Yamaha, a jera a kwamfuta, a ɗora murya, a shafa Auto-Tune, manhajar nan mai gyara murya, kafin la'asar waƙa ta fito. Wannan hanya ita ta ciyar da mu, ba zan zage ta ba. Amma in ka bi ta ka gama komai, sai a ƙarshe ka aika a kirawo mai kalangu ka ce ya zo ya ɗan sa maka gishiri, to ka zubar da kuɗinka. Kalangun zai yi ta yawo a saman kiɗan kamar mai a kan ruwa, duk mai kunne zai ji liƙa shi aka yi. Juya abin za ka yi. Makaɗan hannu su zama harsashin gini, fiyano da jita su zo su same su.

Ranar da na gane haka ba zan manta da ita ba. Mun gama kiɗa tsaf a kwamfuta, muka ɗauko wani dattijo mai kalangu da yaransa biyu. Na sa masa hedifon, na kunna masa ɗan ƙwanƙwason nan da muke kira kilik, mai auna gudun waƙa. Ya buga kamar minti ɗaya, sai ya tsaya, ya zare hedifon ɗin ya ɗora a gwiwa, ya dube ni ya ce, "Malam, wannan ɗan abin da ke ƙwanƙwasa mani kunne, ni zan bi shi ko shi zai bi ni?" Na ce, "Baba, kai za ka bi shi." Ya ce, "To shi ya san inda waƙar za ta?" Yaran suka sunkuyar da kai suna dariya. Muka wuni muna abu ɗaya, abin da muka samu kiɗa ne mai daidai amma ba rai. Washegari na kashe kilik ɗin, na zaunar da mawaƙin a gabansu ya rera, suka buga tare. Ɗauka ta biyu muka riƙe.

Dalilin a bayyane yake. Kiɗanmu yana numfashi. Idan waƙa ta yi zafi, makaɗi yakan ɗan ƙara gudu ba tare da ya shirya ba, kuma wannan ƙarin shi ne ke tayar da tsikar jikin mai sauraro. Sannan da yawa daga kiɗe-kiɗenmu tafiyar uku-uku suke yi, abin da ake rubutawa 6/8 ko 12/8, yayin da kwamfuta in ka buɗe ta a kan 4/4 take tashi. Mai haɗa kiɗan da bai lura ba sai ya danna wa bugun dattijo gyaran da ke jawo kowane bugu kan layi, ya kashe ɗan jinkirin da shi ne gwanintar. In mai situdiyonka Cubase yake amfani da shi, akwai hanyar da manhajar ke gano gudun abin da aka ɗauka ta shimfiɗa ma'auninta a kai, sai fiyano ya bi makaɗa. In kuwa dole sai an daidaita gudu, misali waƙar rawa ce da kake so masu kiɗan biki su riƙa haɗa ta da wasu, kada ka ba su kilik. Ɗauki ɗan guntun bugun kuntuku ko na ƙwarya daga hannunsu, ka maimaita shi ya zama musu jagora. Makaɗi ya fi yarda da bin ɗan'uwansa.

Amma tun kafin a kai ga nan, akwai aikin da ba ya cin kuɗin situdiyo, kuma shi ne rabin albam ɗin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka rera kowace waƙa a wayarka, murya kawai da tafi, daga farko har ƙarshe. Ka tabbatar gindin waƙar ya zauna, ka san ɗiya, wato baitoci, nawa ne, ka san ina 'yan amshi za su karɓa, ina za su yi maka rakiya, ina za ka yi shiru ka bar kiɗa ya yi magana. Rubuta wannan a takarda da manyan baƙi, waƙa ɗaya shafi ɗaya. Makaɗanmu galibi ba da takarda suke aiki ba, da kunne ne, saboda haka takardar taka ce kai da mai ɗauka. Su kuwa ka tura musu muryar a waya mako guda ko biyu kafin ranar, sannan ku yi bita sau biyu ko uku a zaure ko tsakar gida, kana ɗauka da waya. Abin da za ku gano a zaure kyauta, a situdiyo da kuɗin awa za ku gano shi.

A wurin bitar nan ka buɗe kunne ga kalmominka. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, kuma waƙa ba ta da ikon take su. Kuka na hawaye sama-sama yake tafiya, kuka ta miya kuwa ta hau ta sauko. In karin waƙarka ya sauke gaɓar ƙarshe, ka tashi daga makoki ka koma madafa. Haka in ka ja gaɓar farko ta garin da mutane ke zaune don ta cika maka kiɗa, ya zama garin tuwo. Mawaƙan da suka taso da fiyano sun fi faɗawa wannan rami, domin sukan fara da kari sannan su cusa masa kalmomi. Mai kalangu zai kama ka tun kafin kowa, tunda shi ma da hawa da saukar maganar yake bugu. In ka ga ya kasa fitar da wani layi a fata, kada ka zarge shi, ka koma ka duba layin.

Sai maganar murya, wato a wane mataki za a kafa waƙar. Doka ɗaya ce: abin kiɗan da ba ya gyaruwa shi ke yanke hukunci. Sarewa yadda aka huda ta haka take, ba ka da abin murɗawa. Gurmi ana iya ɗaure shi ko a sassauta, amma yana da inda ya fi daɗin fita, in ka matsa masa tsarkiya ta tsinke ko muryarsa ta shaƙe. Fiyano kuwa bawan Allah ne, duk inda ka kai shi zai je. An saita shi a kan 440, ma'aunin sautin da aka saba kafa kayan kiɗan Turawa a kai, amma ana iya ɗaga shi ko a sauke shi kaɗan-kaɗan, kuma yawancin manyan Yamaha suna bari a gyara kowane sauti shi kaɗai. Don haka mai sarewa ya busa, mai fiyano ya nemo shi, kai kuma ka gwada ko maƙogwaronka zai kai. In bai kai ba, a tambayi mai sarewa ko yana da wata babba ko ƙarama. Masu sana'ar da yawa ba da guda ɗaya suke yawo ba. Kuma kada kowa ya ce maka sarewar "ba ta kan layi" don allon kwamfuta ya nuna ta kauce. Ba a kan ma'aunin Turawa aka yi ta ba. In aka bi ta da Auto-Tune, abin da za ka samu sarewar fiyano ce, wadda tun farko ita ka gudu.

Wajen tsara kiɗan kansa, babban ciwon mai sabon albam shi ne son cikawa. Ya biya mutum bakwai, sai ya ga asara ce in ba su buga su bakwai daga farko har ƙarshe ba. Ka saurari tsofaffin faya-fayen Alhaji Mamman Shata, wanda ma a garinku yake kwance tun rasuwarsa a 1999. Kalangai ne da murya da amshi, amma ba ka jin wani gurbi da ya rage. Ka lura da yadda babban kalangu ke lafawa idan yana magana, ya taso idan ya numfasa. Kalangu da muryar mutum a wuri ɗaya suke zaune a kunne, in suka yi magana lokaci guda dole ɗaya ya danne ɗaya, kuma babu mai haɗa sautin da zai raba wannan faɗa bayan an ɗauka. Haka sarewa: ta buɗe waƙa, ta amsa maka tsakanin ɗiya, ta koma gefe. Mai fiyano ka roƙe shi ya rage yatsu. Karinmu galibi a kan sauti biyar yake tafiya, shi kuwa ya saba danna uku ko huɗu a haɗe, sai wani daga ciki ya yi karo da gurmi. Sauti biyu a haɗe, ko dogon sauti ɗaya a ƙasa, ya wadatar. Jitar bes kuma ta bi ƙafar babbar ganga, kada ta buɗe nata hanyar. Ni ra'ayina, a waƙoƙi takwas ka bar aƙalla ɗaya daga kai sai gurmi. Ita ce za ta nuna ko kai mawaƙi ne, kuma ita ce mafi arha.

Yanzu mutane. Kada ka tsinto makaɗa ɗaya-ɗaya, wannan daga Daura, wancan daga Mashi, ka tara su ranar ɗauka su fara sanin juna. Nemi ƙungiyar da ta saba bugu tare, ka bi ta hannun shugabansu. Ka je da ƙafarka, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka kai goro, ka faɗi buƙatarka. Matsakaitan makaɗa uku da suka shekara goma tare sun fi gwanaye uku baƙin juna. Kuma ka duba kalanda. Juma'a zuwa Lahadi na biki ne, can liƙi yake, ba za su bar shi don kai ba. In ma sun zo, da gajiya za su zo hankalinsu na kan agogo. Litinin zuwa Laraba ka nema. Ka kauce wa makon Sallah, ka kauce wa kwanakin Sallar Gani tunda a Daura kake, kuma cikin azumi kada ka sa ran murya ko ƙarfin hannu da rana. In akwai mata a 'yan amshi, a yi nasu da hantsi, su zo da wanda ya kamata ya rako su, a sallame su da wuri.

Maganar kuɗi a gama ta kafin a taɓa fata. Na ga zumunci ya ɓaci a kan abin da minti goma na magana zai hana. A fayyace: biyan na kowace waƙa ne ko na wuni? In aka dawo gyara, da sabon biya ko a ciki yake? Kuɗin mota da abinci a wuyan wa? Ka ba da kafin alƙalami, ka cika sauran ranar da aka gama, hannu da hannu, kada ka ce sai albam ya fita. Sannan a rubuta. Na san za a ce maka ai mu 'yan'uwa ne, takarda ta mece ce. Ka ce don 'ya'yanmu ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba mai bugu da mai rerawa haƙƙi a kan abin da suka yi, kuma ba ta ɗaukar an sallama haƙƙin mallaka sai in a rubuce ne. Shafi ɗaya da Hausa ya isa: wane ya buga kaza a waƙa kaza, an biya shi kaza, ya yarda a fitar a sayar a sa a intanet, za a ambaci sunansa. A karanta masa a gaban shaida, ya sa hannu ko ya dangwala.

Akwai wani wuri da ake yawan cin amanar makaɗa, ina so ka kiyaye shi. Wanda ya buga abin da ka tsara, ladan aikinsa ka biya, kun rabu. Amma wanda ya kawo karin da waƙar ta tsaya a kai, ko ɗan amshin da ya ƙara maka baiti sukutum, wannan ya shiga cikin ƙirƙirar waƙar, kuma yana da kaso. Ku yanka shi a ranar, a rubuta, tun waƙar ba ta zama komai ba. Waƙar da ba ta fashe ba kowa mai yafiya ne a kanta. Haka mai situdiyo: a rubuta cewa abin da aka ɗauka naka ne, ba zai ɗora wa wani mawaƙi kiɗan ba. In ba haka ba wata rana za ka sa waƙarka a YouTube a aiko maka cewa ta wani ce, saboda wancan ya riga ka rajistar kiɗan. In aiki ya fita, ka nemi MCSN, ƙungiyar da ke karɓar wa mawaƙa kuɗin amfani da waƙoƙinsu, ka yi rajista.

Ɗakin ɗauka ya fi makirfo muhimmanci, kuma a nan ƙasarmu ta yi mana gata ba mu sani ba. Ɗan akurkin da ake ɗaukar murya a yawancin situdiyo bai dace da kalangu uku ba, sautin zai shaƙe. Ɗakin bulo mai tayil da rufin kwano kuma amsa-kuwwa zai yi ta yi maka. Mafi daɗin gangar da na taɓa ɗauka a wani tsohon soro na ƙasa ne a cikin gari, bango mai kauri, muka shimfiɗa darduma biyu, muka jingina katifa a kusurwa. Shiga ɗaki ka tafa sau ɗaya da ƙarfi. In ka ji wani ƙara mai kama da ƙarfe ya biyo baya, a ƙara bargo da katifa. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya hana ƙarar babur shigowa, kada a ruɗe ka. Janareta a kai shi nesa iyakar tsawon waya, in da hali a yi da inbata ko sola. Fanka a kashe, wayoyi a kashe gaba ɗaya, kuma ku tsara aikin a tsakanin lokutan salla, don lasifikar masallacin unguwa ba ta san kuna ɗauka ba. In bazara ce, ɗakin da aka kashe fanka ba ya zaunuwa fiye da minti ashirin, sai a riƙa buɗe ƙofa ana shan iska da ruwa.

Yanayi ma yana taɓa fata. Da hunturu takan ɗaure ta yi tsauri, da damina ta saki, har sai an shanya ta a rana ko an gasa ta a gefen wuta. Na taɓa ɗaukar rabin waƙa da safe cikin Agusta, muka ce a ƙarasa bayan azahar. Da muka zo haɗawa, kuntukun safe da na rana kamar ba abu ɗaya ba. Tun daga nan, waƙar da aka fara gangunanta a zama ɗaya ake gama su.

Makirfo ba sai mai tsada ba. Irin su Shure SM57 suna jure duka, a sa wa kowane kalangu ɗaya kamar taƙi guda daga fatar da ake bugu, a ɗan karkace, a bar wa makaɗi wurin motsi tunda a hammata yake matsa shi yana juyawa. Sannan a kafa ɗaya mai kaifin ji can baya, taku biyu ko uku, ya ɗauko ɗakin gaba ɗaya. Sau da yawa shi ne ke ba da daɗin. In sawunkad ɗin, wato na'urar da ke shigar da sautin makirfo cikin kwamfuta, mai ƙofa biyu ne kawai, ba a fasa ba: makirfo biyu a gaba, a jera mutane, mai ƙarfin bugu a ja shi baya, mai taushi a matso da shi. Da zama ake haɗa sautin ke nan, kamar yadda na da suka yi. Gurmi da sarewa a ɗauke su daga baya su kaɗai, domin ganga za ta haɗiye su. Mai sarewa kada makirfo ya fuskanci bakinsa kai tsaye, iska za ka tara. A ɗauka a 24-bit da 48 kHz tunda ka san bidiyo na tafe. Kuma ga abin da kowane mai ɗauka ya sani: makaɗi a gwaji da rabin ƙarfi yake bugu, sai waƙa ta kama shi hannu ya buɗe. A saita yadda mafi ƙarfin bugun gwaji ba zai wuce -12 ba a ma'auni, don sautin da ya fashe ba shi da magani.

Ranar gangunan kai ma ka rera tare da su, ko da ba ita ce muryar da za a riƙe ba, saboda kai suke bi. Waƙa biyu ko uku a wuni ta isa. Kowace a yi ta sau uku, a saurara tare, a zaɓa a wurin. In an kai ɗauka ta biyar ba ta zauna ba, ba hannu ne matsalar ba, tsarin ne. A ajiye ta a wuce. Bayan ganguna sai bes, sai gurmi da jita, sai fiyano, sai muryarka, sai amshi, sarewa a ƙarshe don ta ga guraben da suka rage mata. 'Yan amshi a tsayar da su tare a kewaye makirfo ɗaya, a ɗauka sau biyu a ɗora. Mutum ɗaya da aka ninka sau shida ba ya zama jama'a.

Kowane dare, kafin ka bar situdiyo, a juye maka aikin ranar a filashinka, ka kuma ajiye wani kwafin a wani wuri daban. Ba MP3 na sauraro ba, ainihin layukan nake nufi, kowane abin kiɗa da nasa WAV, duk sun fara daga wuri ɗaya. Kwamfutoci na mutuwa, ana sace su, mai situdiyo na iya tashi ya bar gari. Da waɗannan layukan a hannunka za ka iya kai haɗin sauti Kano ko ka tura wa wanda ka ga dama, kuma ka ware masa kuɗinsa tun farko, kamar kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ka tanada, don na ga masu yawa sun cinye komai a ɗauka suka bar albam a kwance.

In an haɗa, kada ka yanke hukunci a manyan lasifikan situdiyo. Saurara a ƙaramar waya, a lasifikar mai shayi, a cikin a-daidaita-sahu yana tafiya, domin can masu sauraronka suke. A waya bes ɓacewa yake yi, kalangu da murya ne ke tsira, don haka su za ka fi sa wa ido. Kada ka bari a matse sautin don ya fi na kowa ƙara: Spotify kan daidaita waƙoƙi a wajen -14 LUFS a ma'aunin ƙarfin sauti, wanda ya fi haka rage shi ake yi, sai ka tashi ba ƙarar ba kuma numfashin gangar. Kamfanin da zai raba maka waƙoƙin zuwa Audiomack da Boomplay da sauransu zai ba kowace waƙa lambar shaidarta da ake kira ISRC. Ka rubuta su ka adana tare da takardun makaɗa, ka kuma cika sunan kowa da abin da ya buga a inda aka tanada.

Kada ka ɗauko takwas ɗin a tashi ɗaya. Zaɓi guda, ka bi ta tun daga zaure har zuwa lasifikar mai shayi, ka ga nawa ta ci da kwana nawa ta ɗauka, sannan ka lissafa sauran bakwai a kan abin da ka gani da idonka. Kuma kada ta zama wadda ka fi so. Wadda ka fi so ka ajiye ta sai zama na biyu ko na uku, lokacin da Baba mai kalangu ya san numfashinka, ya daina kallon makirfo.